Hilux ɗina tana zafi duk da an cire tamostat, me ya rage?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, dan Allah a taimaka min hankalina a tashe yake. Ina da Hilux mai shan fetur injin 2.7, da ita nake ɗauko masara daga Kumo zuwa Tudun Hatsi a Gombe, wani lokaci har Bauchi. Wata biyu kenan in nayi lodi na kama hawa sai allura ta wuce rabi, in na shiga gari na maƙale a cunkoso ma haka, amma in ba kaya a kan titi miƙaƙƙe lafiya lau. Bakanikena ya cire tamostat yace dama na ƙasar Turawa ne, tayi shiru kwana kaɗan yanzu ta dawo, jiya kusa da Alkaleri har ruwa ya tafasa tayi amai. Bashi nake biya a kan motar nan, ina tsoron kar injin ya buga.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare ya kuma warware maka bashin. Tunda har ta tafasa jiya, kar ka sake yi mata lodi sai ka duba abu ɗaya tukuna. Gobe da sassafe injin na da sanyi ka buɗe murfin lagireto ka cika ruwa ka tada ta ka tsaya kana kallo, in kaga kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko bayan ka mayar da murfin tiyon sama yayi tauri kamar tayar keke cikin minti biyu uku, ko ka buɗe murfin baƙin mai kaga wani abu kamar madara a jiki, ko salansa na fidda farin hayaƙi bayan ta ɗumama, toh gasket ɗin da ke tsakanin tof (wato kan injin) da jikin injin ya tafi sai an sauke tof. In babu ko ɗaya ka gode Allah, da sauran gyara mai sauƙi.

Yadda ka kwatanta, a guje ba ta zafi sai a hawa da cunkoso, ni zargina na farko kulocin fanka ne. A guje iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, amma in kana jan buhu ashirin a giya ta biyu iskar ta ragu aikin ya koma kan fanka, ita kuma fankar Hilux akwai wani mai mai kauri a cikin kulocinta wanda in ya tsiyaye sai ta riƙa juyawa a banza ba ta jan iska. In injin yayi zafi ka KASHE shi, ka zare makulli, ka tura fankar da hannu, in ta yi ta walawala zagaye uku huɗu kamar ba abin da ya riƙe ta toh ta mutu, mai lafiya zaka ji tana turjewa. Ka leƙa gabanta ma, in akwai maiƙo da ƙura ta manne baƙi ƙirin daga nan man ya fita. Sai na biyu, kai da kake shiga gona da kasuwar hatsi, ka sa a zare lagireton a leƙa tsakaninsa da kwandansar AC, wallahi nasha ciro ƙaiƙayi da gashin masara da ƙurar hunturu sun dunƙule kamar katifa, daga waje kuma ba ka ganin komai. Murfin lagireto shima ka duba robarsa, yawanci zaka ga an rubuta 1.1 a kai, shi ke riƙe matsi har ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba, in robar ta tsage a 100 zai tafasa.

Yanzu bari in zo kan tamostat ɗin nan dan shi ne ke ci min tuwo a ƙwarya, kusan kullum sai an kawo min mota a gareji na kwance na tarar da gurbinsa wayam. Wai na ƙasar sanyi ne. Wa ya gaya musu? Hilux ɗin nan da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai inda rana a lokacin zafinsu ta fi ta Gombe a watan Afrilu, da tamostat ɗinta take fitowa daga kamfani, su Toyota basu san zafi bane sai wani da ya koyi aiki wata shida ya sayi sifana biyu? Abin da ke ɓata min rai ba a binciken komai, mota ta zo da zafi, ba a taɓa fanka ba, ba a leƙa lagireto ba, kawai a kwance noti a jefar da tamostat a karɓi kuɗin aiki, mai mota ya tafi yana murna saboda allura ta kwanta kwana uku, alhali cutar na nan an ɗaure mata baki ne kawai, gashi kai ta dawo maka a tsakiyar hanya da kayan mutane a baya.

Shi tamostat aikinsa ya tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, a wannan injin naka wajen digiri 82 yake fara buɗewa. Kuma abin da yawancin masu cire shi basu sani ba, a injina da yawa akwai wani ɗan faifai a gindinsa wanda in ya buɗe yake toshe wata ƴar hanya da ruwa ke zagayawa cikin injin ba tare da ya bi lagireto ba. Ka cire shi kaga hanyar nan ta zauna a buɗe kenan, wani kaso na ruwan zafi yana ta kewaye a ciki bai taɓa zuwa inda za a sanyaya shi ba, ranar da kayi lodi ka kama hawa sai zafin ya ma fi na da. Da asuba kuma lokacin hunturu injin ya ƙi ɗumama, kwamfutar motar tana ganin har yanzu da sanyi ta yi ta ƙara fetur, kai kana kukan tsadar mai baka san daga ina bane, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man jikin silinda, ringi na cinyewa a hankali, baƙin mai na yin dabo-dabo kamar kunu. Shekara ta zagayo mota ta fara hayaƙi da shan baƙin mai ace ai injin ne ya tsufa, ba wanda zai tuna ranar da aka jefa tamostat a bola.

Eh yana lalacewa, ban ce baya yi ba, yakan maƙale a rufe ya jawo zafi. Amma gwada shi ai ko a gida anayi, ka jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa zaka ga bakinsa ya buɗe da idonka, in bai buɗe ba a sayi sabo mai kyau a mayar, ba a bar gurbin haka ba. Kuma wajen ɗaurawa wannan ɗan ƙaramin ƙarfen mai karkaɗawa a gefensa ya kalli sama dan iska ta samu hanyar fita.

Sannan dan Allah Alhaji in ta sake tafasa a hanya kar ka bari kai ko yaron motarka ya taɓa murfin nan, akwai yaron da aka kawo mana fatar hannunsa ta saɓule har gwiwar hannu saboda ya sa tsumma ya murɗa, kuma kar a juye fiya wata mai sanyi a injin da ya ɗau zafi, haka tof ke lanƙwashewa. A samu inuwa a kashe a ɗaga bonet a jira sai tiyo yayi laushi. In an gama gyaran a wanke lagireton a zuba kulan na gaske, wato ruwan sanyaya injin, ruwan rijiya da na bohol ne ke tara wannan farin dattin kamar na gindin buta yana toshe hanyoyin ciki. Ka fara da gwajin kumfar nan gobe da safe, abin da ka gani ka turo min.