Tambaya da Amsa: Lucene ya ƙi nemo min fayil ta adireshinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne, inda nake koyon aiki suna da fayiloli barkatai a kwamfuta ɗaya, sai na rubuta ƴar manhaja da Java na sa Lucene a ciki, wato kayan aikin neman kalmomi a cikin rubutu. Neman kalma a cikin takardu yana aiki lafiya lau, amma in na rubuta D:\Takardu\2023\Albashi don ya kawo min abin da ke foldar baya kawo komai, in kuma na cire alamomin sai ya kwaso min har na 2021. Sannan akwai fayil mai suna rahoto.pdf, in na rubuta rahoto baya fitowa. Don Allah a ina na kuskure? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka, wallahi na ji daɗin tambayar nan. Ba wani babban kuskure ka yi ba, kawai ka ɗauki adireshin fayil ka miƙa wa Lucene kamar jimla ce ta hira, shi kuma tun da Doug Cutting ya rubuta shi a 1999 aikinsa kenan, ya yayyanka rubutu kalma-kalma ya jera a indeks, wato jerin kalmomin da yake dubawa in an zo nema. Ina kyautata zaton StandardAnalyzer ka sa a matsayin mai yanka rubutun, toh shi da ya ga adireshin nan naka sai ya gutsura shi, takardu daban, 2023 daban, albashi daban, babu sauran sanin wace folda ce a cikin wace. Da ka zo nema kuma QueryParser, wato mai fassara abin da ka rubuta ya zama tambayar nema, in ba ka canza masa ba ko kalma ɗaya ce ta dace ya isa, kaga duk abin da ke ƙarƙashin Takardu dole ya fito har na 2021 ɗin.

Dalilin da baya kawo komai in ka rubuta adireshin yadda yake shi ne alamomin nan suna da ma'ana a wajen QueryParser. Ɗigo biyun da ke bayan D yana ɗauka kana nufin gurbi ne (field, wato sashen da ake ajiye wani bayani a indeks) mai suna D, kuma babu wannan gurbin a indeks ɗinka, sandar Windows mai kwantawa baya (\) kuma haɗiye ta yake yi. Ko irin ta Linux (/) ka sa ba ka tsira ba, don tun daga Lucene 4 ita ma an ba ta wani aikin. Ni dai shawarata adireshi kar ya bi ta QueryParser sam, ka gina tambayar da hannunka da TermQuery, wanda ke neman abu daidai yadda ka ba shi.

Yanzu ga yadda nake yi. Adireshi ɗaya amma gurbi uku zaka ajiye shi. Na farko StringField, shi baya yanka komai, yadda ka ba shi haka yake ajiyewa, kuma wannan ne shaidar fayil ɗin, da shi zaka kira updateDocument ya maye tsohon bayanin da sabo in an gyara takarda, in babu shi duk sanda ka sake bi ta kan foldar sai fayil ɗaya ya fito sau biyu sau uku. Na biyu shi ne maganin damuwarka, PathHierarchyTokenizer, an yi shi ne musamman don wannan. In ka ba shi D:/Takardu/2023/Albashi/mayu.pdf zai ajiye D: sannan D:/Takardu sannan D:/Takardu/2023 haka har ƙarshe, kaga in ka nemi D:/Takardu/2023/Albashi duk abin da ke ƙarƙashinta zai fito komai zurfinsa, ba kuma zai taɓo na maƙwabta ba. Wasu suna amfani da PrefixQuery, mai neman duk abin da ya fara da abin da ka rubuta, a kan gurbin farko, yana aiki, amma ka tuna ka rufe da sanda a ƙarshe, in ba haka ba kana neman 2023 zai haɗo maka da folda mai suna 2023-tsoho. Kafin ka ajiye kuma ka juya duk sandunan su zama iri ɗaya, tunda Windows kake ka mayar da haruffan ƙanana wajen ajiya da wajen nema duka, don Windows bai bambanta Albashi da albashi ba. A Linux kam kar ka yi haka, can folda biyu ce daban.

Na uku na sunan fayil ne kawai, nan maganar rahoto.pdf ta shigo. StandardAnalyzer yana bin ƙa'idar Unicode ta raba kalmomi, kuma a ƙa'idar ɗigo in ya faɗo tsakanin harafi da harafi baya raba su, shi ya sa rahoto.pdf ta zauna kalma guda. Haka ma layin nan na ƙasa da mutane ke sawa, rahoto_mayu ita ma guda ce. Abu mafi sauƙi ka musanya waɗannan alamomin da fili da kanka kafin ka zuba a TextField, wato gurbin da ake yanka rubutunsa kalma-kalma, pdf ɗin kuma ka ware mata ƙaramin gurbi, ya fi ka dinga nema da tauraro (*) a farkon kalma wanda nauyi gare shi, a rufe ma yake zuwa a QueryParser sai ka buɗe.

Tunda fayilolin namu ne na Hausa, a wannan gurbi na uku ka ƙara ASCIIFoldingFilter, yana mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, don wani zai sa wa fayil suna ƙididdiga wani kuma ya zo ya rubuta kididdiga yana nema. Amma kar ka kai shi gurbin farko. In aka canza wa folda suna ko aka matsar da ita, sai ka goge tsoffin da adireshin da, ka sake shigar da duk abin da ke cikinta. Ka gwada ka turo min yadda ta kaya.