Matar da Bothwell ya saka domin ya auri Sarauniya Mary

Tambaya: Na karanta cewa Bothwell ya saki matarsa don ya auri Sarauniya Mary ta Sikotland. Wace ce matar, kuma ina ta ƙare?

Amsa: Malama, sunanta Jean Gordon, an haife ta a 1546, 'yar George Gordon mai sarautar Huntly, gidan da ya fi kowane ƙarfi a arewa maso gabashin ƙasar. Tana budurwa gidan ya faɗi: mahaifinta ya yi wa Sarauniya tawaye, ya mutu a yaƙin Corrichie a 1562, aka fille kan yayanta John.

A Fabrairun 1566 aka ɗaura mata aure da James Hepburn mai sarautar Bothwell. Ita 'yar Katolika ce, shi ɗan Furotesta, kuma akwai dangantakar jini a tsakaninsu, don haka sai da aka karɓo takardar izini daga coci. Auren bai kai wata 15 ba. A Mayun 1567 wata kotu ta raba su bisa laifin zina da ya yi da baranyarta, kotun Katolika kuma ta soke auren wai saboda zumuncin jini. Ranar 15 ga watan ya auri Sarauniya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne takardar izinin nan. Da Jean ta fito da ita, da hujjar sokewar ta rushe. Sai ta adana abarta ta yi shiru, ba a gano ta ba sai bayan kusan shekara 300, a gidan sarauta na Dunrobin. A ganina hankali ne ya sa ta yin haka, domin ta fita da mutuncinta da kuɗin filayen da aka mallaka mata, shi kuwa Bothwell a kurkukun Denmak ya mutu a 1578.

A 1573 ta auri Alexander Gordon mai sarautar Sutherland, mutum marar ƙoshin lafiya, sai riƙon ƙasar Sutherland ya koma hannunta. Ita ta buɗe haƙar kwal da dafa gishiri a Brora a 1598. Ɗanta Robert ya rubuta tarihin zuriyar gidan Sutherland.

Bayan rasuwar wannan mijin a 1594, ta auri Alexander Ogilvie na Boyne a 1599, wanda ake cewa shi ta fara so tun tana yarinya. Ta rasu a Dunrobin, fadar masu sarautar Sutherland, a 1629, tana kan Katolikancinta duk da matsin malaman cocin Furotesta, aka binne ta a Dornoch.