Buroshi mai caji zai ɓalle wayar haƙorin 'yata?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Ƙofar Ƙaura nake a Katsina. Wata biyu ke nan da aka sa wa 'yata mai shekara 14 waya don daidaita haƙoranta. Kawunta ya kawo mata tsarabar buroshi mai caji, na ɓoye shi, ina tsoron girgizarsa ta ɓalle ƙarafan da muka kashe wa kuɗi. Ga shi kuma dasashinta na jini idan tana wanke baki.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ɗauko buroshin ki ba ta abinta. Ƙarafan nan da ke riƙe wayar a kan haƙora da wani gam mai ƙarfi ake liƙa su, wanda ake busarwa da haske, an yi shi ne ya jure taunar yau da gobe, balle girgizar buroshi. Masu dawo mana da ɓallallen ƙarfe, in ka bi diddigi, sai ka tarar kilishi ne, ko rake, ko aya, ko gasasshiyar masara, ko ƙashin kaza. Waɗannan ne za ki sa wa ido.

Jinin ne ya fi ɗaukar hankalina. Tunda aka sa waya, kowane haƙori ya samu lungu a sama da ƙasan ƙarfensa da kuma bayan wayar, inda datti mai yauƙi ke taruwa. In ya kwana biyu sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, da an taɓa shi sai jini. Yarinya ta ga jini ta tsorata, ta daina goge wurin, abin ya ƙaru. To, wurin da ke jinin shi ya fi buƙatar gogewa, a hankali. Kuma dattin nan yana cin fuskar haƙori. Ranar da aka cire waya bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu, sai a ga haƙora sun jeru reras, amma kowanne da farin tabo kamar alli zagaye da gurbin ƙarfen. Tabon nan ba ya cika tafiya.

Da mai kan da ke juyawa irin na Oral-B, da mai girgiza irin na Philips Sonicare, duk suna yi, in dai gashin mai laushi ne. Kada ta riƙa dirzawa kamar mai wanke tukunya. Ta ɗora shi kawai, ta karkata shi wajen dasashi, ta ɗan dakata a kan kowane haƙori. Sannan ta bi saman ƙarfen, ta dawo ta bi ƙasansa, ta gama da ciki da wurin tauna. Minti 2 shi ne mafi ƙaranci, safe da dare, ni dai ga mai waya na fi son 3. In nata mai jan fitilar gargaɗin dannawa ne, duk sanda fitilar ta kama tana gogewa, ta danna buroshin da yawa ke nan.

Makilin ya zama mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ki duba adadinsa a kwalin za ki ga 1450 ppm ko kusa da haka. In ta gama ta tofar, kada ta kurkure da ruwa. Akwai kuma ɗan siririn buroshi mai kama da na wanke kwalba da ake zurawa ƙarƙashin waya, shi ke zaƙulo zaren nama da ganyen miya. Asuwaki ba laifi, amma mai laushi, kuma ta kauce wa wayar, don zarensa na maƙalewa.

Kan buroshin ana sauya shi duk wata 3, sai dai ƙarfe na saurin baje gashinsa, don haka ki tanadi na canji tun yanzu. Ki ajiye mata na hannu saboda ranar da wuta ta ƙi zuwa caji ya ƙare. In aka yi mako 2 tana gogewa haka jinin bai ragu ba, ki mayar da ita wurin likitan da ya sa wayar, kada ku jira ranar da ya ba ku.