Filin Tambaya da Amsa: Mai Masaukina a Alƙahira Ya Hana Ni Taɓa Aljihu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Daga Alƙahira nake rubuto maka, yau kwanana goma sha biyu. Ni Bakatsine ne, ma'aikacin lafiya. Na daɗe ina tara kuɗi da hutu don in zo Masar in yi sati shida in buɗe ido. Na sauka a gidan wani dattijo Bamisire, likita ne da ya yi aiki da marigayi mahaifina a Arewa kusan shekara arba'in da suka wuce. Ni gaisuwa kawai na yi niyyar kai masa, sai ya ce in na kama otal bai yafe ba.

Gidan a hawa na huɗu yake a unguwar Shubra, ɗaki uku. Ya fitar da autansa daga ɗakinsa ya ba ni, yaron kuwa yana shirin jarrabawa a jami'a, yanzu a falo yake kwana. Dattijon na fama da ciwon gwiwa, amma shi ya kai ni dalar Giza, shi ya biya tikiti, shi ya biya mota. Shekaranjiya na sa kuɗi a ambulan na tura ƙarƙashin faranti. Ya dawo mini da shi, bai ƙara ce mini uffan ba sai bayan magariba. Maiɗakina ta ce in koma otal kafin su gaji da ni. Saura mini wata guda. Yaya zan yi?

Daga ɗanka, mai bin wannan fili.

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Abin da ya shuka kake girba, don babu mai fitar da ɗansa daga ɗaki saboda mutumin da bai taɓa sani ba sai in akwai tsohon alheri a ƙasa.

Maganar ambulan, ka yi kuskure, amma ni ma na taɓa yin irinsa. Lokacin da na je karatu Alƙahira, kafin in samu gado a masaukin ɗalibai baƙi na Azhar, wani tela ya riƙe ni wata biyu a unguwar Sayyida Zainab. Da alawus ɗina ya zo, na ƙirga rabi na miƙa masa a gaban iyalinsa, ina ganin na yi abin kirki. Uwargidan ta ajiye tiren shayi ta ce, "Mu otal ne?" Kwana biyu ina cin abinci kaina a ƙasa.

Na gane abin da ya sa ka ruɗe. Masarawa suna da tayin fatar baki, har suna da suna a kansa, azumat marakbiyya, wato tayin masu kwalekwale: mutum yana tsakiyar kogin Nilu yana cin abinci, ya ɗaga murya ya ce wa na bakin gaɓa bismilla, ya san ba zai iso ba. Haka in mai shago ko direba ya ce maka "khalli", wai ka bar kuɗin, kara ce kawai, ka yi godiya ka biya. To na dattijonka ba ya cikin wannan. Wanda ya hau hawa huɗu ya sauka da ciwon gwiwa don ya kai ka Giza da gaske yake. Kada ka sake nuna masa tsabar kuɗi.

Sai dai maiɗakinka ma tana da gaskiyarta. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce liyafa kwana uku ce, abin da ya ƙaru sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Mu ma muna cewa baƙo raɓa ne. Kai yanzu rana ta take, raɓar ba ta tashi ba.

Na lura a wasiƙarka ka lissafa tikiti da kuɗin mota, ka ambaci yaron da gwiwar dattijo, amma ko sau ɗaya ba ka ambaci uwargida ba. Ita ce kuwa ke ɗauke da kai. A gidajenmu baƙo namiji yana da zaure ko shagon waje, mata na can ciki suna harkarsu. A gidan bene mai ɗaki uku babu wannan. Tunda ka sauka, in mai sa mayafi ce, a lulluɓe take yini cikin gidanta. Sai ta saurara ta ji ka fito daga banɗaki kafin ta gifta. Tana girka abin da ba kullum suke ci ba, don Bamisira ba za ta ajiye wa baƙo wake da burodi sau biyu a rana ba, sai ta nemo nama ko kaza, ta zauna tana cusa shinkafa cikin ganyen kabeji ɗaya bayan ɗaya. Nama kuwa ya yi tsada. A watan Maris na 2024 gwamnati ta saki farashin fam, kuɗin Masar, dalar Amurka ta tashi daga fam 31 zuwa wajen 50 a rana ɗaya. Mai cin fansho ya ji a jikinsa, ko da ba zai faɗa maka ba.

In ka tattara kayanka ka koma otal a cikin garin, ka ci fuskarsa, maƙwabta da maigadin benen duk za su san baƙon likita ya gudu. Abin yi shi ne ka datse watan nan gida-gida. Ai buɗe ido ka zo yi, Masar kuma ba Alƙahira kaɗai ba ce. Ka ce masa kana so ka ga kudu. Jirgin ƙasa na dare yana tashi zuwa Luksor, tafiyar wajen awa goma, can ne haikalin Karnak da kwarin da aka binne sarakunan Fir'auna suke. Daga nan ka zarce Aswan, ƙasar Nubawa, inda za ka ga fuskoki irin na gida. Kwana goma sun tafi ke nan. Ka dawo ka huta kwana uku ko huɗu, sannan ka hau jirgi a tashar Ramsis zuwa Iskandariyya, tafiyar wajen awa uku, ka ga teku da ganuwar Ƙaitbay, ka ziyarci masallacin Busiri mai Burda. Duk inda za ka, ka bar babban akwatinka a gidan. Akwatin ne zai shaida masa cewa tafiya ka yi, ba ƙaura ba. Da haka wata gudan zai koma kamar sati biyu a wurinsu, yaron ya samu gadonsa a tsakani, uwargida ta sha iska.

Ranakun da kake gari, ka daina barin dattijon ya raka ka. Kada ka ce masa don gwiwarsa ne, zai ɗauka ka mai da shi tsoho. Ka ce kana so ka ɓace a gari ka koyi Larabcin titi. Kun yi sa'a ma, layi na biyu na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ratsa Shubra ya bi ta dandalin Tahrir, inda tsohon gidan tarihi na 1902 yake. In ka canja zuwa layi na ɗaya ka sauka a Mar Girgis, da ƙafa za ka kai masallacin Amru ɗan As, na farko da aka gina a Masar. Ba nisa da nan akwai sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna 22 a 2021. Masallacin Ibn Ɗulun na shekarar 879 ka ba shi yini guda, ka hau hasumiyarsa mai matakala ta waje. Ni na fi son sa a kan na Muhammad Ali da kowa ke rububin ɗaukar hoto. Ka kula kada ka faɗa taragon mata, za ka sha kallo. Kuma ka sani tikitin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, ka ga abin da dattijon ya biya maka a Giza ba ƙarami ba ne. Ka fita bayan karin kumallo, ka ce kada a ajiye maka na rana, ka ci koshari, haɗinsu na shinkafa da taliya, a hanya.

Kada ka dawo hannu rabbana. Kuɗin da ya ƙi karɓa a ambulan zai shiga gidan a leda ba tare da kowa ya ji kunya ba. Yau kilo biyu na nama, gobe 'ya'yan itace, ran Juma'a tiren kayan zaƙi, kunafa ko basbusa. Ka miƙa wa uwargida ka ce kwaɗayin mulukhiyyarta ne ya kama ka. Miyar lalo ce fa tamu, sun yanka ta ƙanana sun soya mata tafarnuwa. Za ta yi faɗa, ta ce don me ka wahalar da kanka, sannan ta karɓa. Da safe ka riga yaron sauka ka sayo burodi da ful, dafaffen wakensu. Ɗakin kuma ka roƙi dattijon ku yi musaya da yaron har ya gama jarrabawa. In ya ƙi, ka bar masa ɗakin da teburin tun safe har dare.

Abin da dattijon nan yake so a wurinka yana bakinka da kunnenka. Bayan isha ka zauna ka tambaye shi mahaifinka. Yaya suka haɗu, wane gida ya zauna, wa ya koya masa cin tuwo, wace Hausa ya rage da ita. Ka nemi izini ka naɗi muryarsa a waya, ƙannenka za su gode maka. In mahaifiyarka na raye, ka kira ta ta bidiyo su gaisa da uwargida ko da ba sa jin juna.

Tunda Bakatsine ne kai, ga labarin da za ka ba shi. Ba kai ne na farko daga garinku da ya daɗe a gidan Bamisire ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi da hatimi, bayan aikin hajji ya zauna a Alƙahira, ya sauka a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Mai gidan ya yi karatu a wurin baƙonsa. A gidan malamin ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa. Ban ce ka zauna har ka kai nan ba. Ranar tafiya, tsarabar uwargida ta fi ta kowa, maigadin bene kuma shi ne za ka ba ambulan ɗin nan, zai karɓa da hannu biyu.

TAMBAYA

Baba, ni daga Maraɗi nake. Zan raka yayata Alƙahira, za mu sauka wurin wata ƙawarta Bamisira na sati uku. Wace tsaraba ta dace?

AMSA

'Yata, ban da dabino, ban da zoɓo. Masar na cikin ƙasashen da suka fi kowa dabino, zoɓo kuma karkade suke ce masa, buhu-buhu yake a kasuwar Aswan. Goro ma ki bar shi, ba su san daɗinsa ba, za su gutsura don kara su rasa inda za su tofar. Ki kai abin da hannun mutanenmu ya yi: jakar fata, atamfa mai kyau turmi ɗaya, man kaɗanya, turaren wuta da humra. In akwai maigida, hula ɗinkin hannu. Yaji ki ƙulla kaɗan, ki faɗa musu yana da zafi kafin su zuba, don nasu bai kai rabin namu ba. Kilishi kuwa ki fara tambayar kamfanin jirgi, nama abu ne da ake tsarewa a filin jirgi, kada ki yi asararsa a hannun jami'an kwastan.