Kafin ka ƙara kuɗin data, leƙa cikin rautarka

Wani mai shago ya aiko da tambaya kan rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, kamar haka: "Na'urar POS ɗina, da kwamfutar lissafi, da wayoyin yarana duk rauta ɗaya suke hawa. Data ba ta kai mu ƙarshen wata, POS kuma sai ta tsaya ana tsaka da ciniki. Wanda ya haɗa mini rautar shi kaɗai ya san yadda ake shiga cikinta. In ƙara kuɗin data ne, ko in sayi sabuwar rauta?"

Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonka shi ne wani ne ke riƙe da kalmar sirrin rautar da kuɗinka ke bi ta ciki. Tamkar ka bar mabuɗin shago ne a aljihun kafintan da ya sa maka ƙofa.

Juya rautar, za ka ga takarda manne a ƙasanta da adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, yawancin na Huawei masu ɗaukar layin waya kuwa 192.168.8.1. Haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin, ka rubuta lambar a burauza. Idan mai haɗin ya canja kalmar sirri, kira shi ya zo ya buɗe a gabanka. Kada ka yi saurin tsokanar ɗan ramin reset da ke bayan rautar da allura, domin yana goge komai, har da bayanan da kamfanin intanet ya ba ka.

Da ka shiga, nemi shafin WAN. Nan ne rauta ke gaisawa da kamfanin. In ka ga DHCP, ita ke karɓar adireshi da kanta, ba ruwanka. In PPPoE ne, akwai suna da kalmar sirri da kamfanin ya bayar, in babu su babu intanet. Rauta mai layin waya kuma APN take amfani da shi, wato sunan mashigar da layin ke bi ya samu intanet. Ka kwafe abin da ka gani a takarda, ka adana tare da takardun shago.

Sannan ka canja kalmomin sirri guda biyu, ta shiga rauta da ta Wi-Fi, kuma kada su zama iri ɗaya. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, ciki har da rautoci da kyamarori, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta, irin su "admin". A watan Oktoban shekarar aka yi amfani da su wajen kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix. Ga ɗan kasuwa, haɗarin ya fi haka kusa: wanda ya shiga rautarka zai iya sauya DNS, wato tsarin da ke nuna wa na'ura inda kowane shafin intanet yake, ka rubuta adireshin bankinka daidai, ta kai ka shafin bogi. Saboda haka ka zaɓi WPA2 ko WPA3 a matsayin tsaron Wi-Fi, ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ka kashe damar sarrafa rautar daga nesa.

Yanzu batun data. Akwai shafin da ke nuna duk na'urorin da ke haɗe. Ƙirga su, ka gwada da waɗanda ka sani. Ina kyautata zaton za ka tarar da baƙi, domin kalmar sirrin da aka ba kwastoma ɗaya ba ta tsayawa a wurinsa. POS ba ta cin data mai yawa, hanya ake tare mata da kallon bidiyo. Buɗe Wi-Fi na baƙi daban, ka mayar da yaranka da kwastomomi can, ka ƙayyade musu gudu in rautar ta ba da dama. Babban Wi-Fi ya zama na POS da kwamfutar lissafi kawai. Idan rautar tana da zangon Wi-Fi biyu, wayoyi su hau 5 GHz, POS ta zauna a 2.4 GHz, wanda ya fi ratsa bango.

Ka ba gyaran wata guda, kana duba adadin datar da aka sha. In har yanzu ba ta isa, to ka ƙara da hujja a hannu. Sabuwar rauta kuwa sai in taka ba ta da Wi-Fi na baƙi, ko masu ƙera ta sun daina sabunta manhajarta. Da ni ne, kuɗin da ka ware zan sa a layi na biyu daga wani kamfani daban, da ɗan batirin da zai riƙe rautar in wuta ta ɗauke, don kada kwastoma ya ajiye kaya ya tafi saboda POS ta ƙi karɓar katinsa.