Ga mai son zuwa Bahia nazarin Gil da Caetano

Ƙanena, ka ce kana son zuwa Salvador, babban birnin jihar Bahia a Brazil, ka yi digiri na biyu a kan mawaƙan ƙasar, Gilberto Gil da Caetano Veloso, kana tambayar ta ina za ka fara. Fara da harshen Fotugis. Shirin PEC-PG na gwamnatin Brazil, mai ba ɗaliban ƙasashen waje tallafin karatu, ya saba neman shaidar jarrabawar harshen Fotugis ta Celpe-Bras, kuma ana gwada magana baki da baki, ba rubutu kaɗai ba. Nan masu haddar nahawu suke faɗuwa. Sannan ka nemi malamin da zai duba aikinka a UFBA, jami'ar tarayya ta Bahia, tun kana gida. In ka iso, ka yi rajista da 'yan sandan tarayya cikin kwana 90, sannan ka nemi lambar haraji ta CPF, don in babu ita sai hayar ɗaki ma ta gagare ka.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne haɗa mutanen biyu a kwano ɗaya. Gaskiya ne duk 1942 aka haife su a jihar Bahia, sun haɗu a Salvador a 1963, kuma tare suka tayar da ƙura a gasar gidan talabijin na Record a 1967, da suka shigo da jita mai lantarki, abin da masu kishin gargajiya suka ɗauka cin amana ne. A 1968 suka fitar da faifan Tropicália da su Gal Costa da Tom Zé da Os Mutantes. Sojojin da ke mulkin Brazil suka kafa dokar danniya ta AI-5 ranar 13 ga Disamba na shekarar, kafin ƙarshen watan an kama Gil da Caetano. Daga kurkuku sai gudun hijira a Landan, 1969 zuwa 1972.

Amma hannunsu ba ɗaya ba ne. Caetano mai sarrafa kalma ne, mai son gardama. Wanda Fotugis ɗinsa bai nuna ba, rabin habaicin zai wuce shi. Gil kuwa makaɗi ne tun daga tushe, da akodiyon ya fara saboda sha'awar Luiz Gonzaga, shahararren mai kaɗa akodiyon, kafin jita. A ganina ta wajensa ƙofarka take. Ya zo FESTAC a Legas a 1977, ya ga Fela, ya koma ya yi faifan Refavela a shekarar. Ɗan Najeriya zai ji abin da ke cikin faifan nan fiye da yawancin masu nazari a nan Brazil. Shi ne kuma ya riƙe muƙamin ministan al'adun Brazil daga 2003 zuwa 2008.

Kada ka tsaya a shekarun 1960. Saurari Tropicália 2 na 1993, inda suka taɓo wariyar launin fata a Salvador ba kwana-kwana, sannan rangadinsu na 2015, su biyu rak, kowa da jitarsa. In ka samu sarari, leƙa ma'adanar tarihi ta jihar: takardun Larabci da aka ƙwace bayan tawayen Malê na 1835, wato boren Musulmi 'yan Afirka a Salvador lokacin bauta, suna can, kuma akwai Hausawa cikin waɗanda aka tuhuma.