Kafin ka yarda da mai sharhin fawa-baik, tambayi mashin ɗin na wa ne

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana tara kuɗin fawa-baik, wato babban babur mai gudu, ka kalli bidiyon sharhi sun fi ashirin a YouTube, kowa yabo yake yi, har ka rasa wanda za ka yarda da shi. Shekara tara ke nan ina hawan irin waɗannan babura, na sayi uku na sayar da biyu, to ga yadda nake tace su.

Abin da nake fara tambaya shi ne, mashin ɗin da mai sharhin yake kai na wa ne? Yawancin bidiyon da ke fitowa a makon da sabon samfuri ya shigo kasuwa, kamfani ne ya gayyaci 'yan jarida, ya biya musu jirgi da otal, ya kai su filin tsere irin na Jerez a Sifen. Makanikan kamfani na tsaye a gefe, tayoyi sababbi fil, wani lokacin har an ɗumama su da bargon lantarki kafin a hau. Mutum ya yi yini guda a kan kwalta sumul, ya koma gida ya ba da labari. Ban ce ƙarya yake yi ba, abin da ya ji shi ya faɗa. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma yana son a sake gayyatarsa baɗi.

Sai maganar lambobi. A 2006 Yamaha ta tallata babur ɗinta R6 da cewa injinsa na juyawa har sau 17,500 a minti, masu sharhi suka yi ta maimaitawa. Da aka ɗora shi a na'urar gwaji sai aka ga a wajen 16,200 yake tsayawa, har kamfanin ya amsa kuskurensa, ya ce wa masu saye a Amurka wanda bai gamsu ba ya dawo da mashin ya karɓi kuɗinsa. Shi ya sa nake raba mai karanto takardar kamfani da mai aunawa da kansa. Ƙarfin dokin da kamfani ke rubutawa a jikin inji ake auna shi, kafin ya ratsa giya da sarƙa ya isa tayar baya ya ragu. Nauyi ma sau da yawa na busasshen mashin suke bayarwa, ba fetur ba baƙin mai.

Ni a kan mashin ɗina na biyu na sha wuya, mai inji 600cc, ba sai na kama sunan kamfani ba. Duk sharhin da na kalla shan kwana da birki ake yabo. A watan Afrilu, da azahar, cunkoso ya riƙe ni a Ƙofar Nasarawa. Fankar lagireto ta tashi ba ta ƙara tsayawa ba, zafin inji na dukan cinyoyina ta cikin wando kamar na zauna a bakin murhu, wuyan hannuna ya ƙage saboda sunkuyo. Kafin in kai gida fitila ta dushe, batir ya mutu. Rektifaya, na'urar da ke daidaita wutar cajin batir, ce ta ƙone. Mako uku mashin na jingine a zaure ina jiran a aiko da wata daga Legas. Daga baya na shiga zauren masu irin wannan samfurin a Facebook, na tarar sun daɗe suna kuka da ita. Wallahi da can na fara leƙawa da ban saya ba.

Tun lokacin na koma neman wanda ya sayi abinsa da kuɗinsa, ya yi kilomita 20,000 a kai, ya faɗi abin da ya lalace da nawa ya kashe. Ina kuma sauraron 'yan Indiya da Indonesiya fiye da Turawa, don zafinsu da cunkosonsu da ramukansu sun fi kama da namu. KTM RC 390 ma a masana'antar Bajaj kusa da Pune ake haɗa shi, bayanin masu shi a can ba ya ƙarewa.

Kar ka manta kuma mu na hannu muke saye. Wanda suka yaba sabo ne, naka ƙila ya shekara goma sha biyu, ya ratsa hannu huɗu, ya faɗi an sake masa robobi. Ka je wurin makaniken da ke gyaran manyan babura, ka zauna ka tambaye shi wane ne ya fi dawo masa, wane ne kayansa ke wahalar samu. Ranar saye ka tafi da shi, ku isa da safe injin na sanyi, kar a riga ku tayar da shi, ku duba ƙarshen hannuwan mashin da wurin ɗora ƙafa ko akwai gurzar kwalta.

Rubuto mana samfurin da shekarar da kake hari, in akwai mai shi a nan zai faɗa maka abin da ya gani.